Mataimakin Edita a Shirin Talabijin: Ma'ajin Gumin Jama'a

 



Da aka gayyace ni, an bar mini zaɓin abin da zan yi magana a kai. Na san da yawanku kun fi son jin batun ba da umarni ko ɗaukar hoto, domin nan ne ido ya fi zuwa. Ni kuwa na zaɓi mutumin da ke zaune a lungun ɗakin tace hoto, wanda sunansa kan zo can ƙasa a jerin sunaye, in ma an tuna an rubuta shi, wato mataimakin edita. Dalilina guda ne. A shekarun da na yi ina wannan aiki, shirye-shiryen da na ga sun lalace saboda ƙarancin kayan aiki ba su kai rabin waɗanda suka lalace saboda babu mai kula da abin da aka ɗauko daga lokeshin ba.

Bari in fara kawar da wani ruɗani. A bakin 'yan fim kalmar “tace” tana da ma'ana biyu. Akwai tacewar hukuma, irin wadda Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ke yi tun da aka kafa ta a 2001. Akwai kuma tace hoto, wato aikin edita na zaɓar hotuna da yanke su da jera su har labari ya miƙe. Maganata ta yau a kan ta biyun take.

Yadda buƙatar ta taso

Talabijin ta fara aiki a Najeriya a Ibadan a 1959, ta iso Kaduna a 1962, sannan aka haɗe tashoshi a ƙarƙashin NTA a 1977. Iyayenmu sun sha kallon Samanja da Ƙasimu Yero a wancan zamani. Da finafinan bidiyo suka kankama a Kano bayan Turmin Danya a 1990, sai muka saba da tsarin mutum ɗaya: shi ke karɓar kaset, shi ke yanka, shi ke sa kiɗa, shi ke rubuta sunaye. Tsarin ya ɗauke mu tsawon shekaru, domin fim ɗaya kaset kaɗan ne, kuma edita na iya riƙe komai a kansa.

Yau zance ya canza. Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, aka samu Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, sannan Labarina da ire-irensa, masu kallo sun koma ga shiri mai dogon zango. Zango guda na wata uku yana nufin kashi 13, kowane mako sai an miƙa ɗaya. Ana ɗauka da kyamara biyu ko uku, ana ɗaukar sauti a na'ura daban, ana ɗaukar fitowar kashi na tara a rana ɗaya da ta kashi na biyu saboda gida ɗaya ne aka yi haya. Babu kwanyar da za ta riƙe wannan duka kuma ta sami sararin tunanin labari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Edita na buƙatar wanda zai tsare masa kaya, ya jera masa su, ya share masa hanya, domin shi ya zuba hankalinsa ga tambaya guda: a ina zan yanka?

Karɓar kaya

Aikin mataimaki yana farawa ne daga lokacin da katin kyamara ya shigo hannunsa. Ina so ku kalli wannan ɗan kati da idon basira. Bai kai akwatin ashana ba, amma a cikinsa akwai kuɗin hayar gida da man janareta da abincin mutum talatin, akwai hawayen da jaruma ta yi awa guda tana nema kafin ya zubo. In ya ɓata, babu kasuwar da za a sayo madadinsa.

Saboda haka ba a kwafar kati da gaggawa. Ana kwafe shi gaba ɗaya yadda yake, da dukan jakunkunan da kyamara ta ƙirƙira, ba a tsince bidiyon kaɗai a bar sauran ba. Ana amfani da manhajar da ke auna kwafi da asali, ta tabbatar babu ko ɗigon da ya bambanta. Masu sana'a a duniya suna bin wata ƙa'ida da ake kira 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gini daban. A wajenmu, inda wuta kan ɗauke ana tsakiyar kwafi, inda ƙurar hunturu da zafin bazara ke cin na'ura, wannan ƙa'ida ta fi zama wajibi. Kuma ba a mayar wa mai kyamara kati ya goge sai mataimaki ya buɗe kwafin ya gani da idonsa, ya rubuta a littafinsa.

Na taɓa ganin ranar da aka karya wannan ƙa'ida. Wani shiri ne da muka yi, aka ɗauki fitowar ɗaurin aure da mutane kusan sittin. Ana sauri, katunan sun cika, aka karɓi ɗaya daga hannun wani yaro da ya ce ya kwafe, aka goge aka ci gaba da ɗauka. Bayan kwana huɗu aka buɗe jakar, rabin fayilolin ba sa buɗewa. Wuta ce ta ɗauke yana cikin kwafi, bai koma ya duba ba. Jarumar ta riga ta yi tafiya, gidan an ba wasu haya. Sai marubuci ya sake rubuta kashi biyu, aka mayar da ɗaurin auren labari a bakin wata tsohuwa. Masu kallo ba su san abin da suka rasa ba, amma mu mun sani.

Kada ku ɗauka mu kaɗai irin wannan ke samu. A 1998, kamfanin Pixar na Amurka yana cikin aikin fim ɗin Toy Story 2, wani ya ba kwamfuta umarnin gogewa bisa kuskure, mafi yawan fayilolin suka tafi. Da aka koma ga ma'ajiyar kamfanin, sai aka tarar ta daɗe ba ta aiki daidai. Abin da ya cece su shi ne kwafin da wata ma'aikaciyarsu, Galyn Susman, ta ajiye a gida saboda tana aiki daga can bayan ta haihu. Darasin a fili yake: ajiyar da ba a gwada buɗe ta ba, ba a san ko ajiya ce ba.

Suna da tsari

Bayan kwafi sai tsari. Kyamarori da yawa suna raɗa wa fayil suna irin C0001, kuma in an sa sabon kati sai su sake farawa daga ɗaya. Kafin zango ya ƙare za ka tarar da fayil ashirin masu suna ɗaya. Mataimaki ne zai raba su: jaka ta kowace rana, a cikinta jaka ta kowace kyamara, a cikinta jaka ta kowane kati. Ya rubuta kwanan wata da shekara a gaba, sannan wata, sannan rana, domin kwamfuta ta jera su bi da bi. Fayil na asali ba a canza masa suna da ka, domin da wannan suna manhaja za ta neme shi a ƙarshe. A cikin manhajar tacewa ne zai ba kowane hoto sunan da ke magana: kashi na nawa, fitowa ta nawa, ɗauka ta nawa, wace kyamara.

Ga ma'aunin da nake gwada mataimaki da shi. In ya kwanta rashin lafiya yau, wani ya zauna a kujerarsa gobe, zai iya gano fitowa ta 12 ta kashi na biyar cikin minti ɗaya ba tare da ya buga masa waya ba? In amsar eh ce, ya iya aiki. Wanda ya tsara kaya yadda shi kaɗai ke ganewa, ya ɗaure shirin ne a ƙafarsa.

Haɗa sauti da hoto

A Najeriya talabijin tana tafiya a kan hoto 25 cikin sakan ɗaya, wato hoto 90,000 a awa guda. Silima ta saba da 24, Amurka kuma kusan 30. Wayoyin hannu da yawa suna ɗauka a 30 in ba a canza musu ba. Wannan ya sa kafin a taɓa komai, mataimaki zai duba saurin kowane fayil, domin in aka cakuɗa su ba da sani ba, hoto zai riƙa tsalle. Sauti kuma ana ɗaukar sa a 48,000 cikin sakan, shi ne ma'aunin bidiyo.

Wannan allo da kuke gani ana tafa shi a gaban kyamara kafin darakta ya ba da umarni, saboda mataimakin edita aka yi shi. Rubutun jikinsa yana gaya masa wace fitowa ce. Ƙarar tafin kuma ita ce mahaɗa: zai nemo hoton da bakin allon ya rufe, ya nemo inda ƙarar ta tashi a sauti, ya ɗora su a kan juna. Inda akwai kayan aiki, ana sa kyamara da na'urar sauti su riƙa bin agogo guda mai ƙirga awa da minti da sakan da hoto, wato lambar lokaci, sai manhaja ta haɗa su da kanta. Duk da haka sai ya duba da ido, a farkon ɗauka da ƙarshenta. Saɓanin hoto biyu ko uku tsakanin leɓe da murya ya isa ya sa mai kallo ya ji wani abu ba daidai ba, ko da bai iya faɗin mene ne ba.

Sai batun nauyi. Hoton 4K ya ninka cikakken HD sau huɗu, kuma a tsarin ProRes mai inganci awa ɗaya tasa takan haura gigabayit 300. Kwamfutocin da yawancinmu ke da su ba za su ja wannan ba. Mataimaki zai yi wa kowane fayil ƙaramin kwafi mara nauyi, wanda ake kira furoksi, edita ya yi aiki da shi cikin sauƙi, a ƙarshe a mayar da na asali a gurbinsa. In tun farko suna da lambar lokaci ba su dace ba, ranar mayarwar ce ido zai raina fata. Tun ran gini ran zane.

Idon farko

Akwai wata alfarma da mataimaki ke da ita wadda mutane ba su lura da ita ba. Shi ne mutum na farko da ke kallon duk abin da aka ɗauka, daga farko har ƙarshe. Yana kallo yana riƙe da takardar mai kula da cigaban shiri da ta mai ɗaukar sauti, yana gwada abin da aka rubuta da abin da ya iso. In takarda ta ce an yi ɗauka biyar, shi kuma huɗu ya gani, a daren nan zai buga waya. In hoto ya dushe, in makirufo ya leƙo daga sama, in hular jarumi a fitowar safe zanna ce a ta gaba kuma ta koma wata, in kukan janareta ya danne magana, shi zai fara gani. Faɗar wannan yau, ana nan a gidan da aka yi haya, gyaran minti ashirin ne. Faɗarsa bayan wata guda asara ce.

A nan ne kuma yake koyon sana'a. Wanda ya kalli ɗauka shida na magana ɗaya, sannan ya ga wadda edita ya zaɓa, ya tambayi kansa dalili, yana karatun da babu ajin da ke koyar da shi.

Bayan edita ya fara yanka

Da yanka ya kankama, mataimaki ne mai riƙe lissafi. Darakta zai kalla ya ce a canza, furodusa ya ce a rage, tasha ta ce a cire. Kowane zubi sai an ba shi lamba da kwanan wata, a ajiye na baya ba a goge ba, domin sau da yawa akan ce a koma wa na shekaranjiya. Kada a taɓa raɗa wa fayil suna “na ƙarshe”, domin gobe za a sami wanda ya fi shi zama na ƙarshe, kuma ta haka ne ake aika wa tasha zubin da ba shi ba. Shi ne kuma zai nemo sautin wucin gadi, kukan zakara ko hayaniyar kasuwa, ya rubuta duk kiɗan da aka sa da mai shi, saboda haƙƙin mallaka.

Idan aka kulle hoto, wato aka amince ba za a ƙara yanka ba, sai ya raba aiki. Mai gyaran sauti zai karɓi nasa a fayil irin AAF, kowace murya a layinta. Mai gyaran launi zai karɓi jerin yanka a XML ko EDL tare da hotunan asali. Kowa zai sami kwafin shirin mai lambar lokaci a jiki, domin in an ce minti na 14 da sakan 6, kowa ya san wuri ɗaya ake nufi.

Sai duba na ƙarshe, kuma a nan ina da kuka. Sau nawa muka ga an rubuta sunan mutum ba daidai ba a jerin sunaye? Sau nawa ƙ da ɗ da ɓ suka fito a matsayin akwati saboda salon rubutun da aka zaɓa bai san su ba, ko aka cire musu lanƙwasa har ƙasa ta zama kasa? Sau nawa fassarar Turanci ta ƙasan allo ta ba mu kunya a gaban baƙi? Maganin duk wannan shi ne mutum ɗaya ya zauna ya kalli shirin daga farko zuwa ƙarshe, ba waya a hannunsa, yana riƙe da takardar sharuɗɗan tasha: tsawon shiri, wuraren talla, ƙarfin sauti, irin fayil ɗin da suke karɓa. Wannan mutum shi ne mataimakin edita.

Adana don gobe

An watsa shiri, an biya kowa, amma aikinsa da saura. Zai tattara zubin ƙarshe, da wanda babu rubutu a jikinsa, da sauti a rarrabe, da fayil ɗin aikin, ya adana su ya rubuta abin da ke ciki. Sauti a rarrabe shi ke ba da damar a juya shirin zuwa wani harshe bayan shekaru.

Ku ji abin da ya faru a Jos. A da, BBC takan goge kaset ɗin tsofaffin shirye-shiryenta ta sake ɗauka a kai, ta haka ta rasa kashi da dama na shirinta Doctor Who. A 2013 aka ba da sanarwar gano kashi tara da suka ɓata, na shekarun 1967 da 1968, a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos. Mai binciken, Philip Morris, ya gane su ne ta rubutun da ke manne a jikin gwangwanayen fim ɗin. Wani ma'aikaci da ba mu san sunansa ba ya rubuta, wani ya ajiye a kan kanta, bayan shekara arba'in da wani abu Ingila ta zo ta samu a ƙasarmu abin da ta rasa a gida. To mu tambayi kanmu: wasannin da iyayenmu suka kalla a Kaduna da Kano, da finafinan farkon Kannywood, nawa ne za mu iya ɗauko asalinsu yau mu nuna wa jikokinmu? Kowane kaset da ya ruɓe ya tafi da karin maganar wani zamani da suturarsa da fasalin titunansa.

Halin da aikin ke nema

Manhaja ana koyon ta cikin 'yan watanni, ko Premiere ce ko Avid ko DaVinci Resolve, kuma gobe wata za ta fito. Hali shi ne mai wuyar samu.

Na farko amana. Mataimaki ya san yadda zango zai ƙare tun kafin kowa. Yana ganin kuskuren jarumai da abin da suke faɗa kafin a kashe makirufo. Wanda ya ɗauki guntun wannan ya tura wa aboki a WhatsApp, ko ya ɗora a TikTok don neman mabiya, ya ci amanar mutanen da suka yarda da shi, kuma zai iya zubar da mutuncin wani har abada.

Na biyu gaskiya. Kowa na kuskure. In ka goge abin da bai kamata ba, ka faɗa nan take, domin sau da yawa ana iya ceto fayil muddin ba a rubuta wani a kansa ba. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Na uku sanin lokacin magana. Za ka ga abin da kake jin edita bai yi daidai ba. Kada ka faɗa a gaban darakta da furodusa. Bari sai kun keɓe, ka ce, “Maigida, na ga wata ɗauka a fitowar nan, ko za ka duba?” Editan kirki zai ji daɗi, kuma wata rana zai ce maka ka haɗa fitowar da kanka ya gani. Ta wannan ƙofa ake shiga. Dede Allen, wadda ta tace Bonnie and Clyde a 1967, ta fara ne da aiken saƙo a kamfanin Columbia, ta yi shekaru tana mataimakiya. Anne Coates, wadda ta sami kyautar Oska da Lawrence of Arabia na 1962, ita ma ta bi ta ɗakin mataimaka. Na ambaci mata biyu da gangan, domin ƙannena ɗalibai mata su san wannan fage ne da mata suka yi zarra a cikinsa tun da daɗewa, kuma aiki ne na zama wuri ɗaya da natsuwa.

Kira

Ga furodusoshinmu: ku sa mataimakin edita a kasafin kuɗi tun ranar farko, ku saya masa ma'ajiya isasshiya da na'urar riƙe wuta. Abin da za ku biya shi a zango guda bai kai asarar sake ɗaukar yini ɗaya ba. Ku rubuta sunansa a allo da sunan aikinsa.

Ga 'yan'uwana editoci: yaron da ke zaune kusa da ku ɗalibi ne, ku koya masa, ku bar shi ya taɓa aiki. Wani ne ya koya muku.

Ga malamanmu: a koyar da kwafi da tsari da adanawa a matsayin darasi mai jarrabawa, kamar yadda ake koyar da kyamara.

Ku kuma ƙannena, in aka ba ku wannan kujera kada ku raina ta. Ku sayi littafi da biro tun yau, ku fara da hotunan da ke cikin wayoyinku: ku kwafe su wuri biyu, ku ba su suna, ku rubuta inda suke. Wanda ya riƙe amanar kati ɗaya, shi ake danƙa wa shiri guda.

Allah Ya sa albarka a cikin abin da muka ji, Ya ba mu ikon riƙe amana.